Maganin mura a matsayin maganin barci: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

Ƙwayar da nake magana a kanta irin wadda ake samu ce a kowane kemis, ana sayar da ita kati-kati ba tare da takardar likita ba, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A kan aikin da aka yi ta dominsa ba ni da ƙorafi. A hunturun da ya wuce mura ta kama ni da toshewar hanci da atishawa da ciwon kai, na sha ta kamar yadda aka rubuta a jikin kwali, majina ta tsaya, hanci ya buɗe. Sai dai duk daren da na sha nakan ji idona ya yi nauyi kafin awa guda ta cika, kuma da yake na jima ina fama da rashin barci, bayan murar ta tafi na ci gaba da haɗiyar ƙwaya ɗaya bayan sallar isha'i. Wannan sharhi a kan aiki na biyun ne, wanda masu maganin ba su ce yana yi ba, amma mutane da yawa suke ɗora masa.

Wanda ya duba bayan kwalin zai ga magunguna uku ne aka haɗa a ƙwaya ɗaya: farasitamol miligiram 500 domin zazzaɓi da ciwon jiki, da fenilefirin mai buɗe hanci, sai kilofeniramin mai tsayar da atishawa da majina, wanda mutane suka fi sani da sunan Piriton. Na ukun ne ke kawo barcin. Aikinsa shi ne tare wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna histamin, wanda ke sa atishawa da zubar majina, amma kuma shi dai histamin ɗin yana cikin abubuwan da ke riƙe ƙwaƙwalwa a farke. Tsofaffin magunguna irin kilofeniramin da difenhidiramin, waɗanda aka ƙirƙiro tun shekarun 1940, suna ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa suke kashe jiki, saɓanin na baya-bayan nan irin loratadin da ba su cika shiga can ba.

A dararen farko na yi barci, ba zan musa ba. Matsalar tana jira ne da safe. Nakan tashi da baki a bushe ƙamas, harshe ya manne a ganɗa, kiran sallar asuba kuwa sai in ji shi kamar a mafarki. Wata rana wajen ƙarfe goma a ofis na riƙe wata takarda ina maimaita sakin layi ɗaya ba tare da ma'anarsa ta zauna mini ba, har abokin aikina ya dafa teburin ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Dalilin wannan kasala ba ɓoyayye ba ne: jikin babban mutum kan ɗauki kimanin awa 20 ko fiye kafin ya fitar da rabin kilofeniramin ɗin da ya sha, don haka wanda ke sha kowane dare yana ɗora na yau ne a kan ragowar na jiya. A ganina wannan kaɗai ya isa ya hana direba da mai babur da mai aiki da inji kusantar maganin da niyyar barci.

Abin da ya fi rage darajarsa a idona shi ne yadda amfaninsa ke gushewa da wuri. Ba a je ko'ina ba na koma juye-juye a kan gado alhali na sha ƙwayar, kasalar safe da bushewar baki kuma suna nan daram. Wannan ba a kaina kaɗai yake ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bai wa maza masu lafiya difenhidiramin, ɗan uwan kilofeniramin, miligiram 50 sau biyu a rana, kuma zuwa rana ta huɗu barcin da yake sa su bai fi na ƙwayar da babu magani a cikinta ba. A 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da difenhidiramin wajen maganin rashin barci mai daɗewa, saboda shaidar amfaninsa ba ta da ƙarfi.

A daidai nan ne haɗarin gaske yake, domin idan ƙwaya ɗaya ta daina aiki zuciya ba ta raya wa mutum komai sai ya sha biyu. To ita ƙwayar ba a rarrabe take ba. Duk wanda ya ninka mai sa barcin ya ninka sauran biyun ma. Iyakar farasitamol ga babban mutum mai lafiya giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma mu mutane ne da ke shan farasitamol saboda gajiya ko ciwon kai ba tare da lissafi ba. Wanda ya sha shi da safe, ya ƙara da rana, ya haɗiyi maganin mura biyu da dare, yana iya kusantar iyakar bai sani ba. Illar tana sauka ne a kan hanta, kuma takan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta nuna alama sosai. Ga mai ciwon hanta, wanda ba baƙon ciwo ba ne a ƙasar nan, iyakar ma ba ta kai haka ba. Shi kuwa fenilefirin ana sa shi ne don ya buɗe hanci ta hanyar tsuke jijiyoyin jini, saboda haka yana iya ɗaga hawan jini ya sa bugun zuciya, har ma ya hana barcin da ake nema. Wasu haɗe-haɗen kuma har da kafeyin, sinadarin kofi da goro mai hana barci, a ciki. Mai kemis ɗin da nake saya a wurinsa bai taɓa tambayata ko ina da hawan jini ba, kuma kati bayan kati yake miƙo mini.

Dattawa sun fi kowa shiga hatsari. Magunguna irin kilofeniramin da difenhidiramin na kawo musu ruɗewa da jiri da faɗuwa, suna busar da ciki, suna iya riƙe fitsarin namijin da ke da kumburin furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), suna kuma tayar da wani nau'in hawan jinin ido. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatil na Amurka, aka wallafa a 2015, ya bi mutane fiye da 3,000 masu shekara 65 zuwa sama, ya gano cewa waɗanda suka daɗe suna shan magunguna masu irin wannan tasiri a jiki, ciki har da waɗannan, sun fi kamuwa da cutar mantuwa. Alaƙa binciken ya nuna, bai tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba, amma ni dai ba zan bai wa mahaifina shi don ya yi barci ba.

Batun yara ya fi ɓata mini rai, domin na sha jin ana ɗura wa yaro ruwan maganin mura don ya yi shiru a huta. Tun 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce kada a bai wa 'yan ƙasa da shekara biyu maganin tari da mura na kanti, Birtaniya kuma a 2009 ta kai iyakar zuwa shekara shida. A wasu yaran ma akasin haka yake yi, sai su birkice da rigima maimakon barci. Mu da muka ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bai kamata mu ɗauka cewa duk abin da aka sayar a kemis ba shi da illa ba. Kilofeniramin ba kodin ba ne, ba ya kama jiki irin wannan kamun, amma sabo da cewa ba za a yi barci ba sai an haɗiyi wani abu shi ma sabo ne.

Da na daina sha na yi 'yan darare barcin yana gardama fiye da da, daga baya ya daidaita. Likitan da na gani bai rubuta mini ƙwaya ba. Tambayoyi ya yi: ƙarfe nawa nake shan shayi na ƙarshe, ko ina kwanciya da waya a hannu, ko ina minshari mai yanke numfashi, sau nawa nake tashi fitsari, ko akwai damuwar da ke cin raina. Ya ce in riƙa tashi a lokaci ɗaya kullum, in rage ƙailula, in bar shayi da goro tun daga la'asar, idan kuma barci ya ƙi zuwa in sauka daga gado sai ya zo. Ya ƙara da cewa rashin barcin da ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku ciwo ne da ke buƙatar a duba shi a asibiti, domin sau da yawa akwai wani abu a ƙarƙashinsa da maganin mura ba zai taɓa ba.