Zari-ruga: na mutum 15 ko na mutum 7?

Tun da matasan unguwarmu a Gusau suka fara taruwa da la'asar da ƙwallon nan mai siffar ƙwai, ake yawan tambayata wane salon zari-ruga ya kamata su kafa ƙungiya a kansa.

Na mutum 15 shi ne tushe, kuma shi ake bugawa a gasar cin kofin duniya da aka fara a 1987, wadda Afirka ta Kudu ta lashe sau 4. Sai dai yana cin minti 80, yana buƙatar mutum 30 a fili, sannan turereniyar mutum takwas-takwas tana da haɗari ga wuya idan babu ƙwararren koci, abin da ya fi damuna ke nan, balle a busasshiyar ƙasarmu ta rani.

Na mutum 7, wanda aka faro a Melrose ta Sikotland a 1883, ya kuma shiga gasar Olamfik a 2016, minti 14 ne kacal, kuma kuɗin riguna da na mota bai taka kara ya karya ba. Amma girman filin bai ragu ba, don haka gudun yana ƙure numfashi.

Sabuwar ƙungiya mai 'yan tsirarun matasa masu zafin nama, na 7 ya dace da ita. Wadda ta tara majiya ƙarfi, ga koci ga fili mai ciyawa, na 15 ne nata.