Murfin makunnin nan da ake ta talla, ga yadda muka ƙare da shi

Yarona shekararsa 2 da wata 8, tunda ya gano cewa in ya taka kan gado hannunsa yana kaiwa makunnin ɗaki shikenan barci ya ƙaurace mana. Cikin dare sai dai kaji ƙyas, ɗaki ya gauraye da haske, ƙanwarsa mai wata 5 ta tsanyare da kuka, ni kuma in kwana ina jijjiga ta a kafaɗa. Akwai daren da na ƙirga sau 4. Nayi lallashi, nayi faɗa, na manna salatif ya ɓamɓare, Abbansu ya kwance ƙwan gaba ɗaya na kwana biyu sai abin ya dawo kaina wajen canza famfas da tocilan ɗin waya. Gadon kuma ba inda za a matsar da shi, ɗakin ƙarami ne.

Da naga tallan murfin robar nan a Instagram, wanda ake rufe makunni da shi don kada yara su taɓa, ban tsaya dogon tunani ba na tura kuɗi, kun dai san nawa suke sayarwa har da kuɗin mai kawowa. Murfi biyu ne a kwalin da wata ƴar fitila mai caji da suka ce kyauta ce, ko kallonta banyi ba na jefa a durowa.

Matsala ta farko bai hau makunninmu ba. Na kira mai gyaran wutar layinmu, yana juya shi a hannu yace Hajiya ai wannan na Amurka ne, su makunninsu dogo ne kuma ramin sukuru ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, namu kuwa irin na Ingila ne mai kusurwa huɗu, sukurunsa hagu da dama suke. To fisabilillahi mai sayarwa bai san irin makunnin da ke gidajenmu bane? A bidiyon tallan ko kalma ɗaya ba a faɗa ba. Na yi wa mai sayarwar magana yace in yi amfani da gam mai fuska biyu da ke cikin kwalin, wai yana riƙewa sosai. Haka muka manna shi a bango ya rufe makunnin a karkace.

Gaskiya dare biyun farko naji daɗi, yaro ya taɓa ya taɓa ya kasa buɗewa ya haƙura, har na faɗa wa ƙawayena biyu su saya, yanzu kunyar hakan nake ji.

Dare na uku, watan Afrilu ne ana tsananin zafin nan da bango kansa ke ɗaukar ɗumi, an ɗauke wuta tun magariba sai wajen 2 na dare aka dawo da ita. Ƙarar fanka ce ta tashe shi. Ya miƙe ya kama murfin da hannu biyu ya ja, ashe gam ɗin ya riga ya saki saboda zafi, sai gaba ɗaya abin ya ɓallo har da fentin bangon ya faɗi kan tayil ya tarwatse. Kafin in gama wartsakewa ya kunna wutar ya diro ƙasa, sai ihu. Ya taka ɓarin robar. Wallahi ganin jini a tafin ƙafar ɗana a wannan tsakar daren har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake, ga jaririya na kuka, ga Abbansu na neman auduga da filasta, ni hannuna sai rawa yake. Alhamdulillah yankan bai yi zurfi ba, amma kwana uku yana ɗingishi. Abin da aka ce an yi shi don kare yara ace robarsa ta fashe da kaifi haka kamar kwalba?

A daren ne ina rungume da shi nace masa me yasa kake kunna wuta, sai ya nuna bayan wadirof yace Mama dodo. Jikina yayi sanyi. Duk watannin nan na ɗauka ɓarna ce da ƙiriniya, ashe duhu yake tsoro.

Washegari na tono ƴar fitilar nan daga durowa na sa mata caji. Haskenta ruwan goro ne, mara ƙarfi, na ɗora ta saman wadirof ɗin inda hannunsa baya kaiwa. Yayata da ke aikin jinya tace irinsa ya fi dacewa da ɗakin barci, don farin haske mai ƙarfi yana danne sinadarin melatonin da ke sa jiki barci, shi yasa in ya kunna ƙwan sai mu yi awa guda ido biyu. Yau kusan sati 3 kenan, sau biyu kacal ya taɓa makunnin. Yakan farka ya kalli fitilar ya juya ya koma, ƙanwarsa ma bata motsawa, kuma caji ɗaya na kai mu asuba ko ba wuta. Don ita kaɗai da sai in ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma fa duk sanda na shiga ɗakin idona sai ya sauka kan tabon bangon nan, gidan haya muke, mu za mu biya fenti. Na tura wa mai kayan hoton ƙafar yaron da na robar da ta fashe, ya buɗe ya gani bai ce ko sannu ba, yana nan yana ta ɗora sabon talla. Murfi na biyun yana kwalinsa, ba zan ba kowa shi ba balle wani yaron ya taka.