Hattara da mai tallar "abincin sojan Amurka", ya cuce mu naira 180,000

Naira 180,000. Kuɗin karo-karon abokan farautarmu ne, ni aka damƙa wa in haɗa guzurin shiga daji, kuma har yanzu na kasa haɗa ido da dattijon da muke kira Baba a cikinmu.

Mutumin yana tallar MRE, abincin leda na sojojin Amurka, wanda ake zuba ruwa kaɗan a wata 'yar leda ta ɗauki zafi da kanta ba tare da an hura wuta ba. Duk wanda ya taɓa kwana a daji yana fama da ɗanyen icce don dafa indomi ya san abin da ya ja hankalina. Ya ce ragowar kayan da sojojin suka bari ne da suka tashi daga sansaninsu na Agadas a 2024. To, ai sun tashi ɗin, kowa ya ji a rediyo. Ta ina zan ce ƙarya yake?

Ya kira ni ta bidiyo. Wallahi ya buɗe kwali a gabana, ya ƙirga leda 12 cif, ya zuba ruwa, tururi ya tashi ina kallo. "Alhaji, ni da kai ai Musulmi ne, ba zan ciyar da kai haram ba." Wannan maganar ce ke hana ni barci. Na tambaye shi halal ne, ya rantse. Na sake tambaya, ya sake rantsewa. Masu cewa garaje na yi, ku gaya mini me ya rage ban tambaya ba?

Kwali biyu, 90,000 kowanne in an haɗa da kuɗin mota. Af, tun kafin bidiyon ma ya karɓi 20,000 wai na mota, tana cikin 180,000 ɗin, ko kuwa bayan bidiyon ne, oho, rasit dai yana hannuna.

Da kayan suka iso tasha, kwali ɗaya leda 7 ne a ciki, an cike gurbin da garin kwaki. Wasu ledojin sun kumbura suntum, kuma ledar abinci in ta kumbura guba ce, tana iya kisa. Ɗan yayana da ke jami'a ya duba lambar jiki: 9142. Lambar farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka haɗa abincin, sauran ukun kuma rana ta nawa ce a shekarar, wato 2019. Abincin da a zafin digiri 27 shekara 3 yake yi, a digiri 38 kuwa wata 6 kacal. Ku auna da zafin Agadas. Kuma leda biyu an rubuta naman alade ɓaro-ɓaro a jiki. Naman alade! Mutumin da ya ce mini ni da shi Musulmi ne!

Na kira, ya ce yana masallaci. Daga nan ya toshe lambata. Da kilishi da ƙuli-ƙuli da dabino na saya da 180,000, da mun ci har mun raba wa Fulanin hanya.

Hotunan hirarmu da rasit da bidiyon ledojin duk zan saka su da daddare in sha Allah, ku ga rantsuwar da idonku.

Kada ku tura ko sisi sai kaya na hannunku. Ku duba lambar nan, ku karanta sunan naman, mai kumburi ku jefar. Ni kuwa 180,000 ɗin mutane sai na biya daga aljihuna, kuma ban yafe masa ba.