Kwas ɗin falsafa ta intanet da ya tsallake Imam Gazali

Na biya kuɗin wannan kwas ne saboda lacca ta huɗu kawai, wadda aka ce za ta tattauna alaƙar sababi da abin da yake haifarwa. Malamin ya yi bayanin ra'ayin David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, da kyau: idan ƙwallo ta bugi 'yar'uwarta ta biyun ta motsa, abin da ido ya gani shi ne bugu sannan motsi, amma tilascin da muke cewa ya haɗa su sabo ne ya dasa mana shi a zuciya. Har nan ba ni da ƙorafi. Sai kawai na ji ya ce kafin littafin Hume na 1739 babu wanda ya taɓa kawo wannan shakka. Na mayar da bidiyon baya sau biyu don in tabbatar ba kunnena ne ya yaudare ni ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a cikin littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya ce muna ganin ƙuna tana faruwa a lokacin da suka haɗu, amma gani bai tabbatar da cewa wutar ce ta aikata ƙunar ba. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba ya mayar masa da martani cewa wanda ya musanta sabubba ya rushe ilimi. Gazali ya mayar da aikin ga Allah, Hume ya tsaya ga abin da ɗan Adam ya saba gani, kuma wannan bambancin ne na so a warware mini. Na aika tambaya, bayan mako uku aka ba ni amsa layi guda, wai batun ba ya cikin manhaja.

Gaskiya lacca ta shida ta kusa sa in yafe. Ban taɓa sanin cewa a 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta rubuta wa Descartes, masanin falsafa Bafaranshe, tana tambayarsa yadda ruhin da ba shi da tsawo ko faɗi zai iya tura jiki ba, kuma malamin bai ɓoye cewa amsar Descartes ba ta gamsar da ita ba. Na saurari wannan laccar sau uku.

Amma da aka zo kan Malebranche, wani masanin falsafa Bafaranshe wanda ya ce Allah ne kaɗai mai aikatawa, niyyata ta ɗaga hannu kuwa lokaci ce kawai da Yake ɗaga shi, sai haushin ya dawo mini sabo, domin ga ƙofar ambaton Gazali a buɗe, malamin ya sake wucewa. Laccar dace da katsaham kuwa minti ashirin ce, an ambaci masanin lissafi Laplace a gurguje, rabin sautin ma ba ya fita.