Hattara da mai tallar ƙyallen naɗe salansa na bogi

Jama'a, don Allah duk mai mota ya karanta wannan kafin ya tura wa wani kuɗinsa.

Akwai wani mutum da ke talla a intanet, yana sayar da ƙyallen nan da ake naɗe bututun salansa da shi don rage zafi a ƙarƙashin bonet. Cewa yake yi na titaniyom ne, wuta ba ta cin sa, har ma wai yana rage shan mai da rabi. Ni na saya, saboda zafin salansata ya fara gasa wayoyi da tiyon ruwa da ke kusa da ita.

Da muka naɗa, aka tayar da inji, sai hayaƙi ya turnuƙe. Na kira shi, ya ce ai haka yake yi da farko. To, nan yaudarar take, domin na ainihi ma yana hayaƙi a karon farko, har sinadarin da ke jikinsa ya ƙone, daga nan ya daina. Nawa bai daina ba. Kwana uku warin ƙonanniyar roba na shigowa cikin mota. Da bakanike ya buɗe bonet, sai ga ƙyallen ya narke ya manne wa ƙarfe kamar ƙanzo, wani ɓangaren ya ɗiga kan waya ya huda rigarta. Allah ne ya tsare, domin tiyon fetur bai fi taƙi ɗaya da wurin ba. Na sake kira, lamba a kashe, shafin ma an canja masa suna.

Bututun da ke fitowa daga inji yakan wuce digiri 600 a ma'aunin Salshiyas idan mota tana jan nauyi. Shi ya sa ake saƙa na gaske da zaren gilashi, ko silika, ko narkakken dutsen aman wuta. Wanda ake kira titaniyom ɗin ma dutsen ne, sunan kasuwa kawai aka laƙaba masa. Abin da ya turo min nailan ne da aka rina. Zancen rage mai da rabi kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Gwajin ba wuya. Ku yanki ɗan guntu, ku riƙe da filaya, ku sa masa ashana. Na gaske ba ya kama wuta, sai dai ya yi baƙi. Na bogi zai ƙanƙance, ya narke, ya yi wari. Maɗaurinsa kuma ya zama na ƙarfe mara tsatsa, ba roba ba.

Ko na ainihin kuka samu, kada a naɗa shi inda baƙin mai ke yoyo, domin yana tsotse mai ya zama makamashi, kuma yana riƙe danshi har bututu ya yi tsatsa.

Wanda ya riga ya sa irin nawa, ya bari inji ya huce ya kwance shi yau, sannan bakanike ya duba wayoyi da tiyo ɗaya bayan ɗaya.