An ba ni duwatsu tara, duk da haka aka cinye ni

Wata takwas ke nan ina buga Go, wasan allo da mutum biyu ke kame fili da baƙaƙe da fararen duwatsu, a dandalin intanet na OGS (Online Go Server), kuma wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na sha kaye mafi muni. Ina matakin 10 kyu a lokacin, abokin karawata yana 1 dan. Kafin ya ɗora dutse ko ɗaya, na riga na jera baƙaƙen duwatsu tara a kan allo. Na ce a raina yau kam sai dai ya yi haƙuri. Da aka ƙirga fili a ƙarshe, ya ba ni rata mai ban kunya, kuma abin haushin shi ne ban ga inda ya yi wani abin mamaki ba. A hankali kawai ya riƙa gutsurar yankina har ya ƙare.

Ga wanda bai saba ba, allon Go yana da layi 19 a tsaye da 19 a kwance, mahaɗa 361 ke nan. Mutanen Sin suna ce masa weiqi, na Koriya baduk. Mai koyo yana farawa daga wajen 25 ko 30 kyu, lambar tana raguwa yayin da hannunsa ke faɗawa, har ya kai 1 kyu, sannan ya tsallaka 1 dan lambar ta fara hawa. Abin da ya bambanta Go da sauran wasannin allo shi ne ana auna tazarar ƙarfi da duwatsu: mataki ɗaya, dutse ɗaya na rangwame, yawanci har zuwa tara. Idan kuwa ƙarfi ya zo ɗaya, mai baƙaƙen duwatsu ne ke farawa, sai a ba mai farare ladan da ake kira komi, maki 6.5 a dokar Japan, 7.5 a dokar Sin. Rabin makin nan shi ke hana canjaras.

A nan OGS ya burge ni. Ba sai ka sauke manhaja ba, a burauza kake bugawa, kuma shi zai lissafa maka rangwamen idan ka zaɓi hakan. Da tsarin Glicko-2 yake auna ƙarfi, wato ba maki kaɗai yake ba ka ba, har da yadda ya amince da makin. Shi ya sa sabon shiga yake yawo da alamar tambaya a gefen sunansa sai ya buga wasanni da dama. Na ji haushin alamar nan da farko, domin wasu suna gudun karawa da mai ita. Daga baya na fahimci dalilinsu: mai alamar tambaya yana iya zama ɗan koyo, yana iya zama kura da fatar akuya.

Wannan kura kuwa na haɗu da ita sosai a wani dandali dabam da ba zan kama sunansa ba. Mutum ya iya wasa, amma ya buɗe sabon asusu ko ya riƙa faɗuwa da gangan don ya zauna a ƙasa yana cin na ƙasa da shi. Wasa uku a jere na yi da irinsu, na kusa ajiye Go gaba ɗaya. Ka sani kuma, lamba ba ta bin mutum daga dandali zuwa dandali. 5 kyu a OGS ba lallai ya zama 5 kyu a KGS, Fox ko Pandanet ba, kowanne da ma'auninsa da irin 'yan wasansa.

Amma abin da ya riƙe ni a OGS shi ne bitar wasa. Bayan an tashi, ƙirƙirarriyar basira ta KataGo tana nuna maka inda ka yi asara mafi girma. Tun da AlphaGo, wata ƙirƙirarriyar basirar, ya doke gwanin Go ɗan Koriya ta Kudu Lee Sedol da ci 4 da 1 a Seoul a watan Maris na 2016, na'ura ta zama malamar kowa, har ƙwararru. Da na duba wasan nan na duwatsu tara, na zaci a faɗan kusurwa na faɗi, inda abokin karawata ya kashe mini tawagar duwatsu guda don ta kasa yin ido biyu, wato gurabe biyu a cikinta da ke hana a cinye ta. Ashe tun kafin nan wasan ya kuɓuce. Duk inda ya ɗora dutse sai in bi shi in amsa, kamar raƙumi da akala, ko da barazanar ba ta kai ta kawo ba. Shi kuwa sau da yawa sai ya bar ni ina kare abin da ba ya cikin haɗari, ya tafi ya kama babban fili a wani gefe. Ya fi ni karanta faɗa, babu shakka, amma babbar ratar ita ce ya san lokacin da ya dace a yi banza da abokin karawa. Ni kuwa tsoro ke buga mini wasa.

Gargaɗi ɗaya game da na'urar: za ta nuna maka wurin da ya fi, ba za ta gaya maka dalili ba. Wani motsin nata sai mai dan zai gane hikimarsa. Na fi amfana idan na tsaya kan manyan kurakurai uku na bar sauran.

Yanzu ina 7 kyu. Makon jiya na ba wani mai 11 kyu duwatsu huɗu. Na ɗora dutse a wurin da ni kaina na san babu wata barazana, don kawai in ga abin da zai yi. Nan take ya amsa.