Sharhina a kan biyan ma'aikatan gidan burodi ta katin banki

Gidan burodi gare ni a Tudun Wadan Zariya, da ma'aikata 17, daga masu kwaɓi da masu gashi har yaran da ke kai wa masu shayi. Tun zamanin mahaifina a hannu ake sallamar kowa duk ranar Asabar. Ƙarancin kuɗin farkon 2023 ne ya raba ni da wannan al'ada, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Sati uku na yi ina sayen tsabar kuɗi a hannun masu POS don in biya mutanena haƙƙinsu. Daga nan na je wani banki a unguwar PZ, aka buɗe wa kowa asusu, aka ba shi katin Verve.

Buɗe asusun ya ci mini rai. Sati biyu suka ce, sai da muka kwashe wata biyu. Mutum biyar ba su da BVN, wani kuma sunan da ke kan NIN ɗinsa ya saɓa da na BVN, ya yi ta zarya har ya ce shi a bar shi da tsohon tsari. Na biya wa kowa naira 1,000 kuɗin kati daga aljihuna.

Amma fa sauƙin da na samu ba kaɗan ba ne. A da, akawuna kan ɓata rabin yini: ya hau Keke Napep zuwa banki, ya bi layi, ya dawo ɗauke da kuɗi ni kuma gabana na faɗuwa har ya iso. Sannan a zauna ƙirge, a nemi canji, a ware yagaggun takardu. Kusan kowane sati sai an samu mai cewa nasa bai cika ba, ni kuma don gudun zargi in cika masa. Yanzu jerin sunaye kawai nake turawa ta waya bayan sallar Azahar. Lokacin da na fara, naira 25 ake cira a kan kowane mutum, sai ɗan harajin VAT, duka ba su kai naira 500 ba. Alat ya zama shaida tsakaninmu, kuma wanda ya ci bashin albashi ina ganin lissafinsa a rubuce.

Abin da ban hango ba, Baba mai gashi ne ya nuna mini, dattijon da ya yi aiki da mahaifina. Wata Asabar ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kai ka huta, mu kuma mun shiga. Mai kayan miya ba ta san kati ba." Gaskiyarsa. Yaro ya karɓi ladan satinsa, sai ya je wurin mai POS an yanki wani abu kafin kuɗin su shiga hannunsa. Daga watan Maris na 2025 kuma, duk wanda ya cira a ATM ɗin bankin da ba nasa ba, naira 100 ce a kan kowace dubu 20. Ashe wahalar da na sauke, kan masu ƙaramin ƙarfi na ɗora ta. Abin ya tsaya mini a rai, domin guminsu ne. Tun daga satin nake ƙara wa kowa naira 300 kuɗin cira. Ko da wannan ƙarin, abin da nake kashewa bai kai na da ba.

Matsalar netwok ma tana nan. An taɓa cire wa wani yarona kuɗi na'ura ba ta ba shi ba, sai da ya yi kwana tara kafin a mayar masa, na ranta masa na cefane. Wani kuma na tarar ya rubuta lambar sirrinsa a bayan katin, dole na tara su duka na yi musu bayani.

Mai ma'aikata na dindindin, daga goma zuwa sama, ina ba shi shawara ya gwada, muddin zai ɗauki kuɗin cira a wuyansa. 'Yan dako uku da ke sauke mana buhunan fulawa kuwa, har gobe a hannu nake sallamarsu da yamma.